Injin Numfashin Baba da Batirin Shagona

Ina da ɗan shagon kwamfuta a bakin hanyar zuwa tasha, a nan Potiskum. Aikina buga takardu ne: takardar neman aiki, katin gayyatar biki, aikin ɗaliban da za su kammala makaranta. A shekarun farko, ɗaukewar wuta ta fi komai ba ni wahala. Sai ka buga shafi bayan shafi, mai aikin yana zaune a benci yana jira, kawai fanka ta tsaya, fuskar kwamfuta ta yi baƙi, duk abin da ba ka adana ba ya tafi. Da abin ya ishe ni sai na je Kano na sayo akwatin nan mai tara wuta, wanda mu masu sana'ar muke kira yufiyes. Nawa na hannu ne, babba, an cire ƙananan batiran cikinsa an haɗa masa manya biyu daga waje, masu kama da na mota. Idan aka ɗauke wuta sai ya yi 'yar ƙara, ya ci gaba da ba kwamfuta abin da ya tara.

Fitilun gaban akwatin duk sun mutu tun kafin ya zo hannuna. Don haka wanda ya sayar min ya haɗo min da wata waya da ke tasowa daga bayansa zuwa kwamfutar tebur, ya kuma saka min manhajar da ke karanta shi. Idan na buɗe ta sai in ga wani koren layi a kwance. Cikarsa cikar batir ce, raguwarsa raguwar batir. A ƙasansa akwai ƙiyasin lokacin da ya rage, da ƙarfin wutar da ke shigowa daga waje. A shago ba na ɗaukar abin da wani muhimmanci. Wani lokaci ma don nishaɗi nake buɗewa, in nuna wa mai jiran aiki in ce masa kada ya damu, za mu gama kafin layin nan ya ƙare.

Ni ne auta a gidanmu. Iyayen Baba daga Kano suka zo fatauci suka zauna, shi kuma a nan aka haife shi, a kasuwar shanu ya ƙarar da ƙarfinsa yana dillanci. Mutum ne mai murya. Idan ya yi sallama daga bakin layi, Inna tana jin sa daga madafi. Tari ya fara yi, muka ce mura ce. Aka sha citta da kanumfari, aka sha na kanti, tarin bai tafi ba. Sannu a hankali muka lura ba ya iya kaiwa masallacin ƙarshen layi sai ya tsaya ya dafa bango. Muryar nan kuma ta dawo guntu-guntu, kalma biyu sai ya huta.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitan ya kira ni gefe ni da Yaya, babbar 'yar gidanmu da ke aure a Nangere, ya ce huhun ya taurare, kuma babu maganin da zai mayar da shi yadda yake. Abin da zai sauƙaƙa masa shi ne a samu injin oksijin a gida, ya riƙa shaƙa kusan kullum. Mijin Yaya ya yi ta cuku-cuku har ya samo. Injin kamar babbar jarka yake, mai ƙananan tayoyi, da 'yar kwalbar ruwa a gabansa da ke ɓulɓula idan yana aiki, da siririn tiyo da ake maƙala wa mutum a hanci.

Ranar da aka fara saka masa, muna zaune muna kallo launin leɓensa ya dawo. Ya ce a kawo masa tuwo, ya ci har ya nemi ƙari. Inna ta fita tsakar gida tana share ido da gefen mayafi. Bayan la'asar aka ɗauke wuta. Injin ya yi wata doguwar ƙara ya tsaya. Baba ya kalle ni, ya kalli injin, ya sa hannu ya gyara tiyon a hancinsa kamar gyaran zai sa iska ta fito.

Washegari na rufe shago. Na ɗauko akwatin da batiransa da kwamfutar gaba ɗaya a adaidaita sahu, na jera su a kan teburin da ke kusurwar ɗakin Baba. Na haɗa injin oksijin da akwatin, na haɗa akwatin da bango. Da aka sake ɗauke wuta, kwalbar ba ta daina ɓulɓula ba. Baba ya ce, "Auta, ashe wannan tarkacen naka yana da amfani." Rabon da ya yi min zolaya har na manta.

Murnar ba ta daɗe ba. Injin oksijin ba kamar kwamfuta yake ba wajen ci. Koren layin da yake yini a shago yana rarrafe, a nan gudu yake yi. Sannan wata rana Baba ya cire tiyo zai je banɗaki, na kashe injin, na duba allo na ga har yanzu akwatin na nuna yana ɗauke da kaya. Na daɗe ina kallo kafin na gane. Kwamfutar ce. Ita da nake kunnawa don in ga abin da ya rage wa Baba, daga cikin rabon Baban take sha. In na bar ta a kunne, lokaci ya ragu. In na kashe ta, ban san inda muke ba, domin akwatin kansa ba ya nuna komai sai ya zo gab da ƙarewa ya fara kuka.

Sai na koma kunnawa in duba in kashe. Tsohuwar kwamfuta ce, tana ɗaukar lokaci kafin ta gama farkawa, ni kuma ina tsaye a kanta ina jin kowane juyin fankarta a cikina. Da na ga layin sai in kashe ta da sauri, in zauna in riƙa lissafi a kaina. Ba a jimawa sai zuciyata ta ce in sake dubawa, wataƙila ya sauka fiye da yadda nake zato.

Gidan gaba ɗaya ya koyi wannan ciwon daga wurina. Inna ba ta yi boko ba, amma ta daina tambayata jikin Baba, tunda shi tana ganinsa da idonta. Sai ta leƙo ta labule ta ce, "Auta, me ta ce?" In ce ta ce da saura. Ta ce, "Saura mai yawa ko saura kaɗan?" Yaya kuma daga Nangere, kafin ta gama amsa gaisuwa a waya ta jefo, "Ina layin yake?" Idan na ce ya wuce rabi, ina jin ajiyar zuciyarta.

Haka muka yi ta lallaɓawa har bazara ta shigo. Wutar gari tana zuwa tana tafiya, amma tana zuwa ɗin, batir na samun abin da zai riƙe. Wata rana bayan azahar muka ji wata ƙara kamar an fasa taya, yara suka ruga bakin titi. Taransifomar unguwarmu ce ta ƙone, hayaƙi na tashi daga kanta. Dattawan unguwa suka zauna, aka tura wakilai, suka dawo da cewa a yi haƙuri, za a duba. Kowa ya san irin wannan haƙurin ba na kwana ɗaya ba ne.

Ina da ƙaramin janareta na shago, na ɗauko shi. Tunanina in tayar da shi ya riƙa cika batir, Baba kuma yana shan iskarsa. Na tayar, na haɗa, sai akwatin ya fara wani tak, tak, tak, yana karɓa yana saki. Na kunna kwamfuta. Lambar da ke nuna ƙarfin wutar da ke shigowa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai ta hau ta sauko ta sake hawa. Koren layin kuma, maimakon ya ƙaru, raguwa yake yi. Janareta na ruri a tsakar gida yana shan fetur, batir na ƙarewa a ɗaki.

Na kira mutumin Kano. Ya saurari ƙarar ta waya ya ce, "Ai ba zai karɓa ba. Wutar ƙaramin inji rawa take yi, shi kuma akwatin nan ba ya yarda da wuta mai rawa. Sai ka samu babban inji." Na ce babu wani abu da zan taɓa a cikin manhajar ya yarda? Ya ce in gwada wani wuri, na gwada. Ya ce in gwada wani, na gwada. A ƙarshe ya ce Allah ya ba Baba lafiya.

Dole muka raba aikin biyu. Injin oksijin shi bai damu da rawar wuta ba, don haka na haɗa shi kai tsaye da janareta. Amma hayaƙin na shigowa ɗaki yana tayar wa Baba da tari, sai na jawo doguwar waya na mayar da janaretan ƙofar gida. Shi kuma ƙaramin abu ne, ba a yi shi don yini ba. Idan ya yi zafi sai ya fara shaƙewa, dole a kashe shi ya huce. A wannan tsakanin ne batir ke riƙe Baba. Batir ɗin kuma sai an kai shi wani wuri an cika.

A bayan layinmu akwai wani dattijo mai sana'ar ƙanƙara, mutumin Barno, yana da babban inji da ke jan firizojinsa. Na je masa ina jin nauyi, domin lokacin zafi ne, kasuwarsa ke nan. Ban gama bayani ba ya ɗaga hannu. Hausarsa irin ta mutanensu ce, mace da namiji duk ɗaya a bakinsa. Ya ce, "Kawo, ɗana, kawo. Alhaji babanki ita ce ta zaɓo min saniya ranar auren babban yarona. Ki kawo kullum, babu magana."

Tun daga nan kowace safiya sai in tayar wa Baba janareta, in kwance akwatin da batiran nan biyu masu nauyin tsiya, in ɗora a baro in tura zuwa gidan ƙanƙara. In zauna a kan buhun dusar katako ina jira, kunnena na can gida. Ba ni da yadda zan san ko ya cika sai na dawo na haɗa shi da kwamfuta. Wata rana in tarar layin ya kusa kaiwa ƙarshe, wata rana in tarar da ƙyar ya haura rabi, ban san dalili ba. Hannuwana suka yi kanta. Masu kawo min aiki suka gaji da ganin shago a rufe suka koma wani wuri, ban ma samu sararin jin zafin hakan ba.

Ranar da abin ya kuɓuce mana ranar kasuwa ce. Na kai akwatin da wuri, amma ba a daɗe da haɗawa ba bel ɗin injin mai ƙanƙara ya tsinke. Ya aika a nemo wani, aka daɗe ba a dawo ba. Dattijon ya riƙa kai da kawo tsakanin firizojinsa da ke narkewa da ni, yana ba ni haƙuri kamar shi ya tsinka. Da rana ta take na ce bari in koma da abin da ya samu. Hanyar da na saba bi ta cushe da tireloli da garken shanu da ake korawa zuwa kasuwa, na zagaya ta lungu ina tura baro cikin yashi.

Tun daga bakin layi na san akwai matsala, domin ban ji rurin janareta ba. Inna na tsaye a zaure, abin da ba ta yi. Ta ce, "Yanzun nan ya mutu da kansa. Na ja igiyar ban iya ba." Na bar janaretan na shiga da akwatin, na haɗa wayoyi. Kwalba ta fara ɓulɓula. Baba na jingine da bango, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya ɗauki lokaci kafin kafaɗunsa suka daina ɗagawa.

Na kunna kwamfuta. Layin ya ɗan haura rabi, ƙiyasin ƙasa kuma ya nuna zai kai mu wajen magariba. Na ce da sauƙi, kafin nan an gyara janareta. Na kashe ta na fita. Na ja igiya, na duba fetur, na kwance fulogi na goge na mayar, shiru. Na kira makanikin da ke duba min shi, wayarsa na ta ƙara ba a ɗauka. Na je shagonsa da gudu, maƙwabcinsa ya ce ya tafi kasuwa gyaran injin wani mai abinci. Na bi gidajen da na san suna da janareta. Telan layinmu ya ce nasa na wurin gyara. Wani gidan maigidan ya fita da makullin ɗakin. Wani kuma nasu ya fi nawa tsufa, muka ja muka ja ya ƙi tashi. Na kira Yaya na ce su taho da mota, a shirya ko za a koma asibiti. Ta ce ga su nan.

Na dawo ɗaki na sake kunnawa. Layin ya sauko ƙasa da rabi, fiye da yadda ya kamata a ɗan wannan lokacin. Zan kashe ke nan Baba ya ce, "Auta."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Juyo min da ita."

Na ce masa ai barinta a kunne cin batir ne, gara in kashe.

Ya huta, ya ja iska, ya ce, "Bar ta ta ci. Kowa sai tambayarta yake. Ni da abin ya shafa ban taɓa gani ba."

Na juya allon ya fuskanci katifarsa. Ya ƙura masa ido. Baba bai san rubutun boko ba sai lambobi, amma wannan ba ya bukatar karatu. Ya ce, "Koren nan shi ne nawa?" Na ce shi ne. "Farin kuma wanda na shanye." Na ce haka ne. Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Ashe da ido ake ganin tafiyarsa." Inna da ke bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, don Allah ka daina kallo." Ya ce, "Ke kin fi ni son sani, shigo ki zauna."

Ta shigo ta zauna a gefen katifa da mafici a hannu. Mu uku muka zuba wa allon ido. Ɗakin kamar tanda, kwanon rufi na ƙara saboda rana. Ni na san abin da su ba su sani ba, cewa zafi da yawan ɗauka da saukewa sun cinye batiran nan, kuma ƙiyasin da manhajar ke bayarwa na lafiyayyen batir ne. Ina kallo lambar da ta ce magariba ta dawo la'asar, ba a jima ba ta yi tsalle ta koma mintuna. Layin ya bar kore ya zama ruwan ɗorawa.

Baba ya ce, "Ya canja riga."

Na fita na sake kiran Yaya. Ta ce sun shigo gari amma sun maƙale a wajen kasuwa, wata tirela ta gitta ta rufe hanya, gaba babu baya babu. Ina jin kukan shanu da hon ɗin motoci ta cikin wayar. Na tsaya a bakin titi ina ɗaga wa 'yan adaidaita hannu, duk a cike suke da mutanen kasuwa da kayansu. Wanda ya tsaya ya ce ko ya ɗauke mu, hanyar asibiti ta nan ɗin ce dai da ta toshe. Na tuna Baba a cikin buɗaɗɗen keke a tsakiyar wannan rana, babu iska a hancinsa, a tsaye cikin cunkoso, na ce masa ya tafi.

Da na koma, layin ya yi ja, akwatin ya fara kukansa jefi-jefi. Sai wani rubutu ya fito a tsakiyar allo. Tun a shago aka saita manhajar cewa idan batir ya kusa ƙarewa ta rufe kwamfutar da kanta, don kada aikin mutane ya lalace. Na manta da wannan sam. Muna kallo ta rufe komai ɗaya bayan ɗaya, cikin tsari, allon ya yi baƙi. Baba ya ce, "Ita ta tsira ke nan." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

Kukan akwatin ya riƙa matsowa kusa da juna har ya zama ɗaya mai tsawo, sannan ya yanke. Injin oksijin ya yi tasa ƙarar ya tsaya. Kwalbar ta yi shiru. Tun da aka kawo injin nan ban san yadda na saba da ɓulɓularsa ba sai a lokacin.

Muka ɗaga Baba zaune sosai, na tara matasai a bayansa, na buɗe taga da ƙofa. Inna na yi masa fifita da hannu biyu tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Da farko ya daure. Daga baya numfashin ya koma gajere, wuyansa na shiga yana fita, yatsunsa suka riƙe gefen katifa. Leɓensa ya fara komawa launin da muka sani. Ban san abin da zan yi da jikina ba. Na fita na kama igiyar janareta na yi ta ja, na san ba zai tashi ba, amma na ci gaba har fatar tafina ta saluɓe. In shigo in kalle shi, in koma in ja. Sau ɗaya ya ɗago ido ya yi min alama da hannu in zauna. Na zauna na riƙe ƙafarsa. Sanyi gare ta a cikin wannan zafin.

An idar da la'asar motar ta iso. Yaya ta bar ta tun a hanya ta ƙaraso da ƙafa, ta riga mijinta shigowa, takalmi ɗaya a hannu. Ni da mijin muka ɗauki Baba kamar yaro. Wani mai babur da ya san lungunan unguwa ya shige gaba yana nuna mana hanya ta bayan gari. A mota kansa na kafaɗata, ina jin kowane numfashi ina jiran na bayansa. A asibiti suka tare mu da tukunyar iska tun daga ƙofa. Ya daɗe kafin ya buɗe ido. Da ya buɗe, Inna ya fara nema.

Ya yi kwanaki a kwance a can. Kafin a sallame shi an kawo wa unguwa wata taransifomar, mijin Yaya kuma ya samo sababbin batira. Na sake jera komai a kusurwar ɗaki, layin ya cika fal ya tsaya. Amma Baban da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. Ya daina zolaya, abinci sai an matsa, sallah a zaune, daga baya a kwance. Bai sake cewa a juyo masa da allon ba. Likitan ya ce ciwon ne ke tafiyarsa, da ranar nan da babu ita haka zai yi. Na ji abin da ya faɗa, na kuma yi ƙoƙarin yarda.

Ya ga ruwan farko. Ya sa aka ɗaga labule ya kalli tsakar gida na jiƙewa, ya ce manoma sun samu. Bayan 'yan kwanaki, wata safiya da hantsi, Inna ta kai masa kunu ta kira shi bai amsa ba. Akwai wuta a ranar, tun daren jiya ba a ɗauke ba. Fanka na juyawa, batir a cike, injin na ta aikinsa yana tura iska cikin tiyo. Inna ta rufe masa ido ta ce, "Auta, kashe abin nan." Na tsaya a gabansa na kasa. Sai da Yaya ta iso ta sa hannu ta danna.

Bayan an share makoki na mayar da kwamfuta da akwatin shago, aiki ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Injin oksijin muka lulluɓe shi da zane a ɗakin Baba. Wata rana da rana wani mutum ya yi sallama a ƙofar shagon, manomi ne daga wani ƙauye a bayan Mamudo, hularsa a hannu. Ya ce a asibiti wani ya ba shi labarin muna da injin, matarsa ce aka ce tana bukata. Na kira Inna da Yaya, duka suka ce a ba shi. Na kai shi gida na nuna masa yadda ake zuba ruwa a kwalba da yadda ake maƙala tiyo. Yana ta godiya, yana shafa injin.

Na tambaye shi yaya wuta take a wajensu. Ya ce ai su turakun ma ba su kai garinsu ba, amma ƙaninsa na da faifan sola da yake cajin waya da shi, kuma an ce masa akwai wani batir da ake haɗawa. Na fara yi masa bayanin yawan wutar da injin ke ci, da abin da ƙaramin faifai zai iya da wanda ba zai iya ba. Yana kallona yana gyaɗa kai, na ga maganata ba ta shiga, ko kuma ta shiga ba ya so ta zauna. Na koma shago na kwance akwatin da batiran na haɗa masa da su, na ce ya nemi mai babban inji a Mamudo ya riƙa cika masa.

Muka ɗora kayan a bayan wata motar itace da za ta bi ta wajensu. Ya riga ya hau sai ya sunkuyo ya ce, "Malam, in ya cika, zai kai mu kamar yaushe?"

Na ce masa ya danganta da zafi, da yadda aka cika shi, da yadda batiran suka ga dama.

Ya ce, "To yaya zan san ya kusa ƙarewa?"

Na ce zai ji yana kuka. Direba ya tayar da mota, mutumin ya zauna a kan itace ya rungume injin da hannu biyu don kada gargada ta kayar da shi, suka hau titi.